Me ake nufi da "Local Co-op" a wasannin kwamfuta, kuma yana buguwa ba data?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son in sayi wasa a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, wanda za mu riƙa bugawa ni da ƙanina a laftof ɗaya. A jikin wasu wasannin na ga an rubuta "Local Co-op", wasu "Online Co-op", wasu kuma "Split Screen". Me ake nufi da na farkon? In na saya, za mu iya bugawa ko babu data?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa.

Sharaɗi biyu ne suke haɗuwa kafin wasa ya ci wannan sunan. Na farko, ku masu bugawar kuna ɓangare guda. Abokin gabarku shi ne wasan kansa, ko dodanni ne, ko sojoji, ko agogon da ke ƙirga lokaci, ko ƙungiyar da kwamfuta ke juyawa. In aka ci ku, an ci ku tare. Na biyu, kuna wuri guda, kuma galibi a kan na'ura ɗaya, allo ɗaya, da kwafin wasa ɗaya. In ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, to wani abu ne daban ake magana a kai.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan gem a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san allon nan da ke fitowa kafin a take ƙwallo a FIFA ko PES: hoton hannun gem guda biyu a tsakiya, ƙungiya ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Abin da aka saba shi ne kowa ya ja nasa zuwa gefe daban, wannan ya ɗauki Madrid, wancan ya ɗauki Barcelona, wanda aka ci ya biya kuɗin gem ya tashi. Wannan wasan wuri ɗaya ne, amma karawa ce. To ka ce ku biyun kun ja hannuwanku zuwa hagu, kun bar wa kwamfuta dama. Nan take wasan ya canza kama. Kai kana riƙe da mai ƙwallo, ƙaninka yana riƙe da wanda ya tsinke da gudu ta gefe, yana ta cewa "sako min, sako min," kai kuma ka ƙi ka buga daga nesa, ƙwallo ta haure raga, ya juyo ya harare ka. Wannan shi ne abin da kake tambaya a kai. Na'ura ba ta canza ba, wasa bai canza ba, gefen da kuka zaɓa kawai ya canza.

Akwai wani nau'i da ake yawan rikita shi da wannan, wato na karɓa-karɓa. Super Mario Bros. na 1985 yana da zaɓin mutum biyu, amma Luigi ba ya fitowa sai Mario ya mutu. Ɗaya na bugawa, ɗaya na zaune yana fatan ɗan'uwansa ya faɗa rami. Babu haɗin gwiwa a nan. Sai a New Super Mario Bros. Wii na 2009 mutum huɗu suka samu damar gudu tare a allo ɗaya a wannan jerin wasannin na talabijin.

Salon ya girmi intanet ɗin gida nesa ba kusa ba. A 1978 kamfanin Atari ya fitar da wata na'urar wasa ta tsabar kuɗi mai suna Fire Truck, doguwar motar kashe gobara ce, mutum ɗaya na zaune yana tuƙa gabanta, na biyu na tsaye a bayansa da nasa sitiyarin yana juya ƙafafun baya. In ba su daidaita ba, motar sai ta daki gefen titi. A 1985 Gauntlet ta zo da gurbin mutum huɗu a akwati ɗaya. Kada ka ɗauka son zumunci ne kaɗai ya kawo haka. A Gauntlet lafiyar ɗan wasa tana raguwa a kai a kai ko ba a taɓa shi ba, hanya mafi sauri ta cike ta ita ce a sake jefa kwabo, kuma akwatin da mutum huɗu ke ciyarwa ya fi wanda mutum ɗaya ke ciyarwa kawo kuɗi. Double Dragon ta 1987 kuwa ta yi wa mutane wayo: Billy da Jimmy, wa da ƙani, suna dukan 'yan daba tare tun daga farko har ƙarshe, in sun gama da babban bos sai wasan ya haɗa su faɗa da juna a kan yarinyar da suka je ceto.

Mu a nan, yawancinmu ba ta waɗancan akwatunan muka san salon ba. Ta ƙananan na'urorin nan ne na kwaikwayon Famicom ta Nintendo, masu kaset mai launin ɗorawa da aka rubuta wa wasanni dubbai a jiki, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. A ciki akwai wasan tankokin yaƙi, Battle City na kamfanin Namco, shi ma na 1985, kuma a ganina har yau da wuya a samu wasan da ya fi shi koyar da ma'anar abin. Gaggafa ɗaya ce a ƙasan allo, an kewaye ta da bulo, tankokin abokan gaba 20 suna saukowa daga sama a kowane mataki. In aka harbi gaggafar wasa ya ƙare, komai yawan ran da ya rage muku. Ba wanda ya rubuta muku yadda za ku raba aiki, amma kafin mataki na uku kun riga kun raba: kai tsare hagu, ni in tsare dama, ko kai ka zauna gadi ni in hau sama. Harsashinka in ya sami ɗan'uwanka ba ya kashe shi, sai dai ya sandarar da shi na ɗan lokaci, wanda a tsakiyar ruwan wuta kusan duk ɗaya ne. Kuma harsashinka yana iya fasa bulon gidanku ya kashe gaggafarku da kanta. Gidaje da yawa an yi kuka a kan wannan.

Contra ta Konami ta fi ta iya haɗa faɗa. A mataki na uku, wanda ake hawa sama ta gefen ruwa mai gangarowa, allo yana bin wanda ya fi sauri. In kai ka yi ta tsalle ba ka waiwaya ba, ƙasan allo zai haɗiye na bayanka ya mutu ba tare da ko harsashi ɗaya ya taɓa shi ba. Sannan in ransa ya ƙare, yana iya danna maɓalli ya ɗebi ɗaya daga cikin naka ya dawo. Sojojin da ke harbinku ba wanda ke jin haushinsu, haushin duk a kan na kusa da kai yake ƙarewa, dama an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na daɗe a kan waɗannan tsofaffin ne don a cikinsu ake ganin abin da ke sa wasan haɗin gwiwa ya yi armashi: dole a samu wani abu da kuke tarayya a kansa, ko rai, ko allo, ko gida, wanda gangancin ɗayanku zai jawo wa ɗayan asara. Wasan da ya ajiye mutum biyu a fili guda kowa na harkar gabansa, sunan kawai ya ci.

Sai maganar allo, inda "Split Screen" ɗin da ka gani ya shigo. Hanyoyin da ake cusa mutum biyu a fuska ɗaya ba su da yawa. Ko dai a bar ku a hoto guda, kamara tana ƙoƙarin riƙe ku duka, kamar a Contra da Streets of Rage da Cuphead da Overcooked. Wannan ba ya wahalar da na'ura, amma yana ɗaure ku da igiya, ba mai iya nisa da ɗan'uwansa. Ko kuma a tsaga allon biyu, kowa da kamararsa, kamar a Halo ta 2001 da Gears of War da It Takes Two. Wasannin Lego sun zo da wata dabara tun wajen 2009: in kuna kusa allo ɗaya ne, in kuka rabu sai wani layi ya tsaga shi yana juyawa daidai da inda kowa ya nufa, in kuka dawo ya haɗe. Abin lura shi ne tsaga allo hanya ce kawai ta nuna hoto. GoldenEye 007 ta 1997 tana tsaga allo gida huɗu, amma kashe juna ake yi a ciki.

Ka kuma bincika matsayin ɗan wasa na biyu, don ba kullum yake cikakken mutum ba. A Sonic the Hedgehog 2 na 1992, na biyu yana juya Tails, wanda ba ya mutuwa, kuma kamara ba ta damu da shi ba, in an bar shi a baya sai ya dawo ta sama da kansa. A Super Mario Galaxy na 2007 aikin na biyu bai wuce nuna allo yana tsintar 'yan taurari da riƙe abokan gaba ba. A Super Mario Odyssey hular Mario ake ba shi. In ƙanin naka ɗan shekara biyar ne, wannan ya yi daidai, zai ji ana yi da shi kuma ba zai ja ka baya ba. In ya kai sha biyar, zai ajiye maka hannun gem ɗinka cikin minti goma.

Akwai wurin da masana kansu ba su daidaita ba. Wasu suna shigar da wasan da ake haɗa na'urori biyu a ɗaki ɗaya, ta waya ko ta wayales, cikin wannan suna. Doom ta 1993 tana barin mutum huɗu su bi labarin tare a kwamfutoci huɗu da aka haɗa a ofis ko ɗaki guda. Monster Hunter ta yi tashe a Japan a kan PSP, ƙaramar PlayStation ta hannu, ta irin wannan hanya, matasa suna haɗuwa kowa da tasa na'urar. Nintendo Switch ma tana da shi. Ba intanet a ciki, kuma kuna ganin juna, don haka ba za a ce sun yi kuskure ba. Amma ga mai laftof ɗaya bambancin babba ne, domin wannan yana bukatar na'ura biyu, kuma yawanci kwafin wasa biyu. Ni in na ji an ce wasa na wuri ɗaya ne, tambayar da nake fara yi ita ce na'ura nawa.

Shi ya sa a Steam bai kamata ka dogara da alamar "Local Co-Op" da ke ƙarƙashin hoton wasa ba. Waɗannan alamomin masu amfani da shafin suna da hannu wajen liƙa su. Ka sauka ka duba jerin da ke gefen dama, wanda masu wasan suka cike da kansu. Abin da kake nema shi ne "Shared/Split Screen Co-op". In ka ga "Shared/Split Screen PvP", allo ɗaya ne amma karawa. "LAN Co-op" kwamfuta biyu ne. "Online Co-op" kowa a gidansa, da data.

Za ka lura manyan wasannin zamani da yawa ba su da shi, kuma akwai dalili. In wasa yana nuna hoto 60 a daƙiƙa, na'ura tana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ta zana kowane hoto. Da an tsaga allo, sai ta zana duniyar sau biyu daga kusurwa biyu a cikin wannan ɗan lokacin. Rabin allo ba ya nufin rabin aiki, domin lissafin abin da kowace kamara ke gani, da inuwa, da haske, duk sai an maimaita. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne ma'adanar na'ura. Wasan mutum ɗaya yana loda unguwar da kake ciki ne kawai, ya zubar da wadda ka baro. In mutum biyu suka rabu, ɗaya ya shiga kogo ɗaya ya tafi kasuwa, dole a riƙe wurare biyun a lokaci guda. Ga rubutun allo da sai an sake tsara shi don ya karantu a rabin fili, ga tambayar kunnen wa za a bi wajen fitar da sauti. Halo, wadda tsaga allo na cikin abin da ya yi mata suna, ta fito da Halo 5 a 2015 babu shi, masoya suka yi ca. A 2017 shugabar kamfanin 343 Industries ta lokacin, Bonnie Ross, ta yi alkawarin za a dawo da shi, amma a 2022 aka sanar da soke shi a ɓangaren labarin Halo Infinite. Baldur's Gate 3 ta makara zuwa Xbox a 2023 saboda tsaga allo ya ƙi zama a kan ƙaramar Series S, har aka fitar da ita a kan wannan na'urar babu shi a lokacin. Akwai kuma lissafin kasuwa da ba a cika faɗa da baki ba: ku biyu a kujera ɗaya kwafi ɗaya kuka saya, ku biyu a gida biyu kwafi biyu ne da na'ura biyu, wani lokacin har da kuɗin rajistar wata-wata. Ban ce shi ne babban dalili ba, amma ba ya ƙarfafa wa kamfani gwiwar kashe kuɗi a kan aikin da zai rage masa ciniki.

Ƙananan kamfanoni ne suka riƙe salon. Overcooked ta 2016, wadda mutum biyu suka ƙirƙira a Ingila, ta fito babu intanet sam, sai a ta biyu a 2018 aka ƙara. Kicin ne, oda na shigowa, wani na yanka albasa, wani na wanke faranti, tukunya na shirin kamawa da wuta, kuma an tsara wurin yadda mutum ɗaya ba zai iya kai ko'ina ba. Ba a cin ta da shiru. Kamfanin Hazelight na Josef Fares a Suwidin ya wuce nan, ya yi wasannin da ba su buguwa da mutum ɗaya kwata-kwata: A Way Out a 2018, It Takes Two a 2021, wadda ta ci kyautar gwarzon wasan shekara a The Game Awards, sai Split Fiction a 2025.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, maganar data. Amsar ita ce galibi e, amma ba kullum ba, kuma a nan mutanenmu suka fi yin asarar kuɗi. Zama a ɗaki ɗaya ba ya nufin wasan ba ya neman intanet. Fortnite tana tsaga allo a PlayStation da Xbox, amma gaba ɗayanta a intanet take. Diablo IV ta 2023 tana barin mutum biyu su zauna tare a na'urar talabijin, amma sai da sabis a kowane lokaci, kowa kuma da nasa asusun. In netwok ya ɗauke, ku biyun kun tashi. Don haka ka karanta ƙasan shafin wasa, inda ake rubuta ko yana bukatar haɗi na dindindin ko asusun wani kamfani daban. Wanda ba shi da wannan sharaɗin, ka sauke shi, ka buɗe shi sau ɗaya da intanet, sannan ka sa Steam a yanayin rashin intanet tun kafin datar ta ƙare.

Tarko na biyu shi ne wasa ɗaya yana iya samun salon a na'urar talabijin ya rasa shi a kwamfuta. Minecraft tana tsaga allo har gida huɗu a PlayStation da Xbox da Switch, amma ba ta yi a kwamfuta. Diablo III da IV ma suna da wasan wuri ɗaya a na'urar talabijin, amma ba su da shi a kwamfuta. Kamfanoni suna ɗauka mai kwamfuta shi kaɗai yake zaune a teburinsa. Kada ka ga bidiyon wasu suna bugawa a falo ka ɗauka naka zai yi.

Za ka kuma ga "Remote Play Together", wanda Steam ta kawo a 2019. Dabara ce ta buga wasan wuri ɗaya da wanda ke nesa: wasan na gudana a kwamfutarka, ana aika masa hoton kai tsaye, shi kuma danne-dannensa na dawowa gare ka, ba sai ya sayi wasan ba. Abu ne mai kyau, sai dai bidiyo ne ake turawa ba tsayawa, yana shan data sosai, kuma in sabis na rawa, tsallen da ya danna sai ya iso bayan ya riga ya faɗa rami. Tunda ƙaninka na gida, ba ruwanka da shi.

Game da kayan aiki, ka nemi hannun gem aƙalla ɗaya, biyu in da hali. Wasu wasannin suna barin mutum biyu a kibod ɗaya, amma kibod ɗin laftof da yawa ba ya iya karanta wasu maɓallai in an danne su da yawa lokaci guda. Kai kana gudu kana harbi, shi ya danna tsalle, sai tsallen ya ƙi fita, ku yi ta zargin juna alhali laifin na'ura ne. Hannun da ke aiki irin na Xbox ya fi saurin karɓuwa a Windows, kuma tsarin yana ɗaukar har guda huɗu. Masu arha na kasuwa, irin tagwayen nan da ke fita daga USB ɗaya, wasu wasannin ba sa ganinsu sai ka kunna tallafin hannun gem a saitin Steam. Allon laftof mai inci 14 kuma in aka raba shi biyu rubutu ba ya karantuwa, don haka in akwai talabijin a gida, wayar HDMI za ta yi muku amfani fiye da yadda kuɗinta ya nuna.

In laftof ɗin ba mai ƙarfi ba ne, ka tsaya a wasannin hoto guda. Overcooked ba ta da nauyi, kuma tana karɓar wanda bai ƙware ba. Streets of Rage 4 ta 2020 tana ɗaukar har mutum huɗu a wuri ɗaya. Cuphead kyakkyawa ce, kuma kana iya ceto ɗan'uwanka in ka cafke fatalwarsa kafin ta tashi sama, amma tana da wuya ƙwarai, kada ka fara da ita in ƙanin mai saurin fushi ne. Stardew Valley ta samu tsaga allo a ƙarshen 2020, noma ne da kiwo da kamun kifi, ba gaggawa. It Takes Two ita ce ta fi duka nuna abin da salon zai iya, amma tana zana duniya biyu a kowane lokaci, laftof ɗin ofis zai yi ta haƙi. Duk wanda ka zaɓa, ku zauna ku biyun ku gwada shi a ranar da ka saya, da hannuwan gem ɗin a jone da intanet a kashe, domin Steam tana mayar da kuɗi ne in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga ya kai awa 2 ba.